Zamanin Mario: Maza Na Bugawa, Mata Na Kallo

 Yau za mu ajiye tukunya da keken ɗinki a gefe, mu taɓa zancen wasan nan na talabijin da yara ke kira gem, yadda ya shigo mana garuruwanmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun, da kuma wanda aka ba, da wadda aka hana.

Can a Ingila da Amurka, mutanen da yanzu suka ba shekara 50 baya su kan zauna su yi ta hirar kwamfutocin ƙuruciyarsu kamar yadda mu kan yi hirar gaɗa da 'yar carafke. A shekarar 1982 aka fito da guda biyu da suka yi suna ƙwarai, watau ZX Spectrum a Ingila da Commodore 64 a Amurka. Waɗannan kwamfutoci ba su da allon kallo na kansu, da akwatin talabijin na gida a kan jona su. Wasannin kuwa da yawa a kaset suke zuwa, irin kaset ɗin nan da iyayenmu ke sakawa a rikoda su saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Yaro zai saka kaset, ya zauna minti huɗu ko biyar yana jin wata ƙara mai kama da kukan gyare, kana wasan ya fito. In kaset ya yi gardama kuma a koma farko. Wanda ba shi da kuɗin kaset sai ya sayi mujalla ya kwafi umurnin wasan baƙi bayan baƙi, ya buga shi da hannunsa. Ta haka yara da dama a can suka koyi sarrafa na'ura mai ƙwaƙwalwa tun ba su san sana'a ce suke koyo ba.

Mu kam wannan zamani ya wuce mu ta bayan gida. Da fari dai akwai tsada, domin Spectrum mafi araha fam 125 aka fara sayar da ita, Commodore 64 kuwa dala 595. Sa'an nan a cikin wannan shekara ta 1982 ne gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu, aka ƙuntata shigo da kaya daga waje, bayan nan kuma a 1986 darajar Naira ta soma gangarawa. Bugu da ƙari, jama'ar wannan yanki suna da abin da ya fi damunsu. A 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, manoma suka shiga neman diyya, har abin ya kai ga artabun watan Afrilu na 1980 inda aka yi hasarar rayuka masu yawa. Wanda ke neman inda zai shuka gero ai ba ta kwamfuta yake yi ba.

Namu rabon sai a shekarun 1990 ya iso, kuma da siffar abin wasan yara ya zo. Abin da na fara gani da idona shi ne ɗan gem ɗin nan na hannu mai cin batir biyu, mai ɗan allo toka-toka, wanda tubala ke faɗowa daga sama kina jera su. In layi ya cika ya ɓace, in kika yi sake tubala su taru har sama, wasa ya ƙare. Wasu a cikin tsarabar Makka ya zo masu, tare da 'yar kyamarar nan ta roba da ake leƙawa a ga hoton Ka'aba da Madina, wasu kuma 'yan tireda ne suka kawo shi daga Kano. A jikinsa an rubuta wai wasa 9999 ne a ciki, alhali kuwa in kin bi su ɗaya bayan ɗaya 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, sai dai a ƙara sauri ko a juya tubalan. Ba mu san cewa wasan tubalan nan yana da asali ba. Sunansa Tetris, wani masanin lissafi ne mai suna Alexey Pajitnov ya ƙago shi a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Daga Rasha ya zagaya duniya har ya faɗo hannun yarinya a Bakura tana zaune bakin murhu tana jiran ruwan tuwo ya tafasa.

Amma sarkin su duka shi ne wanda ake jonawa da talabijin. Asalinsa na kamfanin Nintendo ne na ƙasar Japan, wanda ya fito da shi a watan Yuli na 1983 da sunan Family Computer, ma'ana kwamfutar iyali. Wanda ya iso mana dai ba na Japan ɗin ba ne, kwaikwayo ne da masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta bugawa da araha, shi ya sa talaka ya iya kai hannu gare shi. Ya kan zo a kwali mai zane, da hannu biyu masu igiya, da bindigar roba, da kaset guda mai launin rawaya. Wayarsa a kan cusa ta inda ake saka eriya, sa'an nan a yi ta murɗa talabijin ana neman tashar da zai fito. A lokacin gidan talabijin ba ya fara shiri sai da yamma, saboda haka da rana akwatin yana zaune ne kawai an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado. In Baba ya fita, Allah kuma ya sa NEPA ta kawo wuta, to, sai ka ji unguwa ta ɗauka, yara su cika ɗaki har bakin ƙofa, takalma kamar a masallaci.

Wace ce a cikinmu ta manta da Mario? Ɗan gajeren mutum mai gashin baki da jar hula, yana gudu yana tsalle, ya ci lemar kwaɗi ya ƙara girma, ya shiga bututu ya fito, duk don ya ceto gimbiya. A 1985 aka fito da wannan wasa, kuma duk girman duniyarsa kilobayit 40 ne kacal, watau hoto guda da kika ɗauka da wayarki yau ya ninka shi sau da yawa. Akwai na tankokin yaƙi, akwai na sojoji biyu masu harbi, akwai kuma na harbin agwagi da karen nan mai dariya in an yi kuskure. Kai, karen nan ya sha zagi!

Bindigar agwagin ta daɗe tana ɗaure mana kai. Yaya za a yi talabijin ta san inda aka auna? Ashe bindigar ba ta harba kome, ido ne da ita mai jin haske. Da an ja kunama sai allon ya yi baƙi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sa'an nan wani farin tabo ya bayyana daidai inda agwagwar take. In bindigar ta ga farin, an samu ke nan. Wannan dabara da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya take aiki, shi ya sa in kin tono tsohon gem ɗinku daga ƙarƙashin gado kika jona shi da ta zamani mai faifai, agwagin za su yi ta tashi lafiya lau. Haka kuma hura kaset da baki da mu kan yi in hoto ya dagule: cirewa da mayarwar ne ke gyara zaman haƙoransa, iskar baki kuwa danshi take sa masu su yi tsatsa.

Daga baya aka kawo wani samfuri mai allon madannai irin na tafireta, wasu har da ɗan linzamin da ake kira ɓera, aka ce kwamfuta ce ta koyon karatu. A ƙasar Sin wani kamfani mai suna Subor ya yi fice wajen ƙera irinta, har Jackie Chan na fina-finan faɗa ya yi masa talla. Cikinta dai gem ɗin ne bai canza ba, amma kaset ɗin da ke zuwa da ita yana da darasin buga rubutu da lissafi da 'yar hanyar rubuta umurni. Magidanta da ba za su taɓa sayen abin wasa ba sun saye ta saboda sunan kwamfuta. In dai gaskiya za a faɗa, ita ce kwamfutar gida ta farko da yawancin yaran wannan yanki suka taɓa da yatsunsu, ko da yake darasin rubutun ba ya wuce kwana uku a koma wa Mario.

To, 'yan uwa, ga inda gizo ke saƙar. Ku tuna da kyau, a ɗakin nan da ya cika da yara, wa ke zaune a gaba da hannun gem? Yaya ne da abokansa. Mu mata muna baya, wata da goyon ƙane, wata da tiren shinkafa tana tsinta, ido na kan talabijin. In an matsa da roƙo a ce to ga hannu na biyu. Wanda ya san Mario ya san hannu na biyu ba ya motsi sai na farko ya mutu, Yaya kuwa gwani ne, ya kan yi rabin sa'a bai faɗa rami ba. Kafin layi ya zo kanki Inna ta ƙwala kira, ko an ɗauke wuta. Ƙananan ƙanne kuwa a kan miƙa masu hannun da aka zare igiyarsa, su yi ta dannawa suna murna wai su ke gudun. Na ga an yi haka a gidanmu a Mafara, na gani a gidan Goggona a Bakura lokacin hutu, na kuma gani a gidan Kawuna a Maradun, kamar dai an haɗa baki.

Ba mugunta ce ta sa haka ba. Yadda aka raba aikin gida ne: namiji in ya dawo makaranta ya ci abinci, lokacinsa nasa ne har a tafi Islamiyya, ɗiya mace kuwa ga wanke-wanke, ga shara, ga ɗebo ruwa, wata ma ga talla, balle ranar Talata da kasuwar Mafara ke ci. Sa'an nan akwai tsoron ɓarna. Abin da aka saya da tsada, mai waya da wuta, an ɗauka na maza ne; in ya lalace a hannun namiji a ce tsautsayi, in a hannun mace ne a ce wa ya aike ta. Da gidajen gem suka buɗe a kasuwanni da bakin tasha, inda ake biya a buga ƙwallo a PlayStation da wutar janareta, sai ƙofar ta rufe gaba ɗaya, domin ba uwar da za ta bar ɗiyarta ta shiga rumfar da samari suka cika, ni ma kuwa ba zan bari ba.

Wata za ta ce, to, mene ne abin baƙin ciki don an hana yarinya harbin agwagwa? Abin da yaran nan maza suka samu ya wuce wasa. Sun saba da na'ura. Sun koyi cewa in ka danna abu ba daidai ba duniya ba ta tashi, sai ka kashe ka kunna ka sake. Sun koyi jona waya, da neman tasha, da karanta 'yan kalmomin Turanci da ke fitowa a allo. Su kansu masu ƙera kwamfuta sun san da wannan: wasan kartar nan da kamfanin Microsoft ya saka a cikin Windows tun 1990, an saka shi ne don mutane su saba da jan linzami ba tare da sun ji ana koya masu ba. Lokacin da kwamfutoci na sosai suka fara bayyana a ofisoshi da shagunan buga takardu da manyan makarantu, irin kwalejin kimiyya da fasaha da aka kafa a Talata Mafara a 1992, wadda daga baya aka sa wa sunan Injiniya Abdu Gusau, yaron da ya taso da gem ya kan zauna gabanta kamar ya ga ɗan garinsu. 'Yar uwarsa kuwa ta kan tsaya da hannu a cikin mayafi tana tsoron kada ta taɓa ta ɓata.

Mu mata wayar hannu ce ta fara rama mana. A 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya, ta ɗan jima kafin ta game garuruwanmu, amma da ta iso sai ga Nokia 3310 da wasan macijin nan mai cin ƙwaya yana ƙara tsawo. Wannan wasa bai bukaci talabijin ko NEPA ko izinin Yaya ba. Ya shiga har ƙuryar ɗakin amare. Na san matan aure da dama da suka riƙa gasar maciji da kishiyoyinsu bayan sallar isha'i, kuma da yatsan da suka koyi juya macijin suka koyi rubuta saƙo da ajiye lamba.

Yau kuwa maganar ta wuce nishaɗi. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fara gwada yin ta da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda ɗungum. Tambaya 180 ce a cikin sa'a 2. Hukumar WAEC ita ma ta soma tata ta kwamfuta a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Ki duba yarinyar da ta yi shekara 6 a sakandare tana ƙoƙari, ta haddace littattafanta, ranar jarrabawa aka zaunar da ita gaban abin da ba ta taɓa taɓawa ba, agogo yana tafiya a kusurwar allo. Minti goman farko a rawar hannu za su tafi. Hukumar ta sauƙaƙa abin yadda ko ba linzami za a iya: A da B da C da D na zaɓen amsa ne, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Ke 'yar makaranta, ki riƙe waɗannan baƙaƙe tun yanzu. Amma sanin baƙaƙe daban, sakin jiki daban, shi kuwa sakin jiki sai da sabo.

Kada mu manta kuma da halin da 'ya'yanmu na wannan yanki suka taso a ciki. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashi ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar na tsawon makonni. Tun daga wannan lokaci iyaye da yawa suka ƙara tsare 'ya'ya mata a gida, dandalin da mu muka yi gaɗa da hasken farin wata ya yi shiru a wurare da dama. Yarinyar da aka rage wa fita, in aka kuma hana ta taɓa na'urar da ke cikin gidan, me aka bar mata?

Ba ina cewa a sakar wa yara waya su kwana a kanta ba ne. Gem ɗinmu na da yana da makiyaya biyu, NEPA da dawowar Baba, kuma a tsakar ɗaki ake yin sa kowa na gani. Na yanzu yana cikin aljihu, ba ya ƙarewa, wani yana haɗa yaro da baƙin da ba ki sani ba, wani kuma caca ce tsagwaronta aka yi wa kwalliyar wasa, ana cin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta saka jarabar gem a cikin jerin cututtuka, watau in ya kai mutum ba ya iya dainawa, ya fifita shi kan karatu da barci da jama'a, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, har tsawon kamar shekara guda. Ta dai ce kaɗan ne daga cikin masu wasan abin ke kai su haka. Hukumar ta kuma ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce sa'a 1 a yini. Saboda haka uwargida ke ce NEPA yanzu, ke za ki kawo wuta ki ɗauke. Abin da nake roƙo shi ne in kin kawo, ki kawo wa kowa. In rabin sa'a ce bayan an dawo Islamiyya, to, rabin sa'a ga namiji, rabin sa'a ga mace, wanke-wanken ma a raba shi haka.

Masu cewa wannan harka ba ta mata ba ce, ga labarin wata matar aure a Amurka mai suna Roberta Williams. Tana gida tana renon 'ya'ya mijinta ya kawo na'ura, ta buga wani wasa na rubutu zalla, ya shiga ranta, sai ta zauna a teburin cin abinci ta tsara nata a takarda, ɗaki bayan ɗaki, mijin ya mayar da shi harshen kwamfuta. A 1980 suka fito da shi da sunan Mystery House, yana cikin na farko-farko da suka haɗa labari da zane, kamfaninsu kuma daga baya ya shahara da sunan Sierra. Wata kuma, Carol Shaw, ita ta ƙago River Raid a 1982, wasan jirgin sama mai bin kogi da maza suka yi ta rububinsa.

Ke da ɗiyarki za ta zauna JAMB baɗi, kada ki jira sai saura mako guda. Akwai manhajojin gwajin jarrabawar da ake sakawa a waya ko kwamfuta, waɗansu suna aiki ko babu intanet. In akwai kwamfutar tafi-da-gidanka a gidan, ta Baban su ce ko ta Yayanta, ki sa baki a ba ta ita ko sau biyu a mako, ta buga sunanta, ta goge, ta sake bugawa, in ta gaji ta yi wasan tubala. In babu, ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa ku yi magana da shugabar makarantarsu ko wani shagon koyar da kwamfuta da kuka amince da shi, a ware wa 'yan mata sa'arsu da rana, wata babba ta raka su ta dawo da su.

Wadda ke da nata labarin na zamanin Mario, daga Mafara ko Bakura ko Maradun ko wani gari, ta rubuto mana, musamman in a gidansu mace ce gwanar. Sai mun sake saduwa.